Kangarun da Ya Ture Akwatin Kelvin

Baba,

Kada ka nemi makullin fowil, jar motarka mai ja da taya huɗu, yana hannuna. Na tafi garin Cooma a sauya mata tayoyi.

Jiya ina wajen tumaki sa'ad da ka taka birki a gangaren ƙofarmu. Da idona na ga motar ta zame a kan ƙanƙara, ta kwashe akwatin wasiƙun maƙwabcinmu Kelvin. Na ji ka ce masa kangaru ne ya ture shi. Na kuma ji ya ce, "To, wannan kangarun jan fenti gare shi."

Kullum cewa kake fowil ba ta tsoron ƙanƙara. Hawa ta iya, Baba, tsayawa ce ba ta iya ba. Manyan tayoyin nan naka na laka ne. Tayoyin ƙanƙara, masu tambarin dutse da ƙanƙara a gefe, zan sa, don ranar Litinin ta gangaren nan za ka kai autarmu Bronte makaranta.

Ka ɗauki guduma ka je wajen Kelvin ka tayar masa da akwatinsa. In na dawo akwatin na kwance, a ƙofarsa zan ajiye motar, gefen da ya goge yana kallon tagarsa.

Darcy