A Bar Tukunyar Jikata Ta Bushe Kafin a Sa Mata Wuta

Zuwa ga Shugaban kwamitin shirya bikin kan dutse na garinmu, da sauran 'yan kwamiti baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a, Allah ya saka da alheri.

Ni ne Adamu mai gyaran keke a nan Mubi, wanda a kan dutse ake kira Zira. Ka san ni, domin tare da mahaifinka muka yi kiwon awaki. Da hannuna nake rubuta wannan takarda. Sai da na yi furfura na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci, saboda haka in ka ga inda harafi ya karkace ka yi haƙuri, maganar dai a miƙe take.

Zan fara da albishir, don ba na iya riƙe shi. An yi mini jika. Ɗana Yusufu da matarsa Rahila sun shekara tara ba haihuwa, sai ga shi da daminar bana Allah ya ba su 'ya mace. An sa mata Hauwa, mu kuma muna kiranta Kuve, kamar yadda ake kiran 'yar fari a wurinmu. Tun ranar duk wanda ya kawo mini faci sai ya ji labarinta kafin in taɓa tayarsa. Maƙwabcina mai shayi ya ce in na sake faɗa masa nauyinta zai daina ba ni kujera. Saboda ita nake rubuto maka, kuma na sa takardar a fili ne don 'yan'uwanmu da ke Yola da sauran garuruwa su karanta, tunda sau biyu ina zuwa wurin sakatarenku yana ce mini an riga an buga jadawali.

Na ɗaya, godiya. Bayan shekarar da 'yan bindiga suka shigo muka gudu daga gidajenmu, bikin nan ya mutu. Tsofaffi sun ƙare, waɗanda suka rage ba su da ƙarfin tara mutane. Ku 'yan boko kuka tashi kuka share hanyar hawa, kuka kai tankin ruwa, kuka kira kowa. Musulminmu da Kiristanmu da 'yan'uwanmu da ke riƙe da addinin gargajiya duk muka sake kwana a wuri ɗaya. Ni na musulunta tun ina saurayi. Ba na shan abin da masu gargajiya suke sha, ba na tsayawa inda suke yanka, su ma ba su taɓa hana ni shimfiɗa buzuna ba. Amma wana Tizhe yana cikinsu har yau, kuma bikin nasu ne tun asali, mu baƙin da aka haifa a gidan ne. Wannan aiki da kuka yi ba zan manta da shi ba.

Na biyu, ina so in gaya maka yadda bikin yake a da, don kai karatu ya ɗauke ka daga gida tun kana yaro, ba ka san shi sosai ba.

Kwana bakwai muke yi a kan dutse bayan an gama kai amfanin gona rumbu. Ranar farko kowane gida ya kafa bukkarsa ta kara da zana a inda kakanninsa suka saba kafawa. A wannan rana ce duk mutumin da aka yi wa jika a shekarar zai ɗauki fartanya da kwando, ya gangara bakin mayo, wato rafi, ya haƙo yumɓu da hannunsa, ya hau da shi a ka. Ba a aikar yaro, ba a taya shi, ko da sanda yake dogarawa. Mata suna jiransa a bakin hanya suna yi masa tsiya, wai bari a gani ko ƙafar da ta yi rawar suna za ta iya hawan dutse. Washegari matan gidan maƙera, waɗanda su ne maginan tukwane a wurinmu, su zauna ƙarƙashin tsamiya su gina wa kowane jariri 'yar tukunyarsa, 'yan mata na kewaye da su suna koyo. Kafin yumɓun ya daskare, uwa ta kawo jaririn a danna tafin ƙafarsa a gefen tukunyar. Sai a jera su a inuwa a rufe da ganye.

Daga nan sai jira. Kuma a cikin jiran nan ne ake yin duk sauran abubuwan da kuke rubutawa a jadawali yanzu. A maƙera na koyi busa zuga-zugi, har aka bar ni na ƙera 'yar wuƙa da ba ta yanka ko kuɓewa. Wani tsoho mai ido ɗaya ya koya mana fafe sarewa. Akwai masu tufkar igiyar rama, da masu saƙar zana, da tsohuwar da take zagawa da mutane cikin duwatsu tana nuna saiwar da ke maganin ciwon ciki da ganyen da ko akuya ba ta ci. Da la'asar a yi kokawa, a yi rawa. Ba mai agogo, ba mai usur. Wanda ya gaji da maƙera ya koma wurin masu igiya. Kullum da safe babbar maginiya ta je ta ɗaga tukunya ɗaya ta kara a kuncinta. In ta ji sanyi, akwai sauran ruwa a ciki, sai ta mayar ta rufe. Ranar da ta kara ta ji ba sanyi, ita ce ranar gashi, ita ce kuma ranar sauka. Ka ga ke nan tukunya ce ta yanke wa bikin kwanakinsa tun farko.

A cikin tukunyar nan ake ba yaro ruwansa na farko in an yaye shi, sannan uwa ta adana masa. Tawa tana nan. Da muka dawo daga gudu na tarar an kwashe kayan aikina kaf, har da famfon iska, amma ita tana bayan ƙofa inda na bar ta, ba wanda ya ga tana da amfani. Ina sa babban yatsana a sawun ƙafata ya rufe shi duka.

Na uku, abin da ya faru bara, wanda shi ne kukana.

Kun mayar da bikin kwana uku, Juma'a zuwa Lahadi, saboda ma'aikata da 'yan makaranta. Na fahimci dalilinku. Amma jawaban manyan baƙi suka cinye safiyar Juma'a, ba a gina tukwane ba sai bayan la'asar. Aka kuma rubuta gashi ranar Lahadi da hantsi, don baƙi su gani kafin motocinsu su tashi. Inna Kwaramba, wadda ita ce babbar maginiyar da ta rage mana, ta kara tukunya a kuncinta a gabana ta ce da sauran ruwa. Saurayin da ke riƙe da lasifika ya ce, “Mama, lokaci ya ƙure, a taimaka a kunna.” Ta ce masa, “Ɗana, zo ka kara a naka kuncin.” Ya yi dariya ya dubi agogonsa. Ban ce ya yi da mugunta ba, aikin da aka ba shi yake yi. Ta maimaita sau uku, sannan ta ga idon baƙi a kanta, ta bari aka tula ciyawa da busasshen kashin shanu aka kunna.

Ranka ya daɗe, kana wurin, ka ji ƙarar. Mutanen da suka taɓa jin harbi ba sa son irin wannan ƙara, na ga manya sun durƙusa ba su sani ba. Tukwane goma sha ɗaya aka sa, biyu suka fito. Akwai wata yarinya da ta taso tun daga Belel da goyonta. Da toka ta huce na gan ta tana tonawa da tsinke, tana neman tsingaron da ke da sawun ɗanta. Ta samu rabin diddige ta ƙulle a bakin zane.

A wurin masu gargajiya fashewar tukunyar yaro ba ƙaramin abu ba ne. Ni na san rai da lafiya a hannun Allah suke, kuma na bincika, yaran nan duk suna nan lafiya. Amma iyayensu mata sun shekara da abin a zuci, duk zazzaɓin da ya taɓa yaro sai gabansu ya faɗi. Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne ba wanda ya tashi ya ce laifin jadawali ne. Sai aka sauko ana cewa hannun Inna Kwaramba ya lalace, tsufa ya kama ta. Matar da ta fi shekara hamsin tana gini. 'Yan matan da suka zauna koyo a wurinta ba wadda ta sake komawa.

Na huɗu. Da aka haifi Kuve, bayan suna na hau acaɓa na je har gidan Inna Kwaramba da goro da albishir. Ta yi guɗa da 'yar muryar da ta rage mata, ta ce ashe Zira zai ɗauki kwando kafin ya mutu. Sai na kawo maganar hawa dutse bana. Ta ce ta rantse ba za ta sake kunna wuta don agogon wani ba. Na roƙe ta, na tuna mata zumuncin gidajenmu. A ƙarshe ta ce, “In za a ba tukunya kwana biyar a inuwa, ko a goye ne a kai ni. In ba haka ba, ka saya wa jikarka kofin roba a kasuwar Mubi.” Sai ga jadawalin bana ya fito, an kawo mini na karanta da kaina, layi-layi: gini Juma'a, gashi Lahadi, kamar bara ba a yi komai ba.

Sakatarenku ya ba ni shawara biyu. Ya ce a gina tukwanen a gida tun da wuri a hau da su busassu, ko a sayo ƙanana a kasuwa a rubuta sunan yara da fenti. Na gode masa, amma ina tambaya: a busasshiyar tukunya ina za a danna ƙafar yarinya? Yumɓun kuma wa zai haƙo? Ranka ya daɗe, na ga kakana ya hau da kwando, na ga mahaifina ya hau da na Yusufu yana haki yana dariya. Shekara tara ke nan, duk lokacin da aka yi bikin nan ina tsayawa gefen hanya, ina kallon sa'o'ina suna wucewa da laka a wuya, ina taya su murna da baki. Bana layina ne. Gwiwoyina sun fara ƙara in na tashi daga kan benci, Inna Kwaramba kuma ta girme ni nesa. Ban san wanda zai kai baɗi a cikinmu ba, kuma baɗi Kuve ta tashi daga jaririya.

Ga abin da nake roƙo, ba mai yawa ba ne.

Ban ce ku mayar da kwana bakwai ga kowa ba. Ma'aikata su zo Juma'arsu. Amma ku ba magina da gidajen da aka yi wa haihuwa izini su hau tun ranar Litinin, ku sa a cika tankin ruwa tun lokacin. Abinci da bukka mu za mu ji da kanmu, na riga na yi magana da kakanni huɗu sun yarda. In maƙera da masu igiya da masu sarewa suna so su biyo mu, ku bar su, don aikinsu ma ba ya koyuwa a awa ɗaya da kuka ba kowannensu.

Ku cire lokacin gashi daga jadawali. Ku rubuta kawai: in maginiya ta ce. In ta kama baƙi sun tafi ba su gani ba, a aika musu hoto a waya.

Sannan lasifikar da aka yi amfani da ita aka matsa wa Inna Kwaramba, a yi amfani da ita a gaban jama'a a wanke ta. A faɗa cewa ta yi gargaɗi ba a ji ba. Kalma biyu daga bakinka za su dawo da 'yan matan nan ƙarƙashin tsamiya, in ba haka ba ranar da ta kwanta dama gini ya bi ta.

Ɗana, bari in ajiye ranka ya daɗe in kira ka yadda na saba. Ranar da kakanka ya hau da yumɓunka ina bakin hanya. Santsi ya kwashe shi a kan falalen dutse ya zauna daɓas, amma bai saki kwandon ba, mata suka yi ta yi masa waƙa har aka sauka. Wadda ta karɓi yumɓun ta gina maka tukunya wata amarya ce a gidan maƙera, a shekarar ta fara gini ita kaɗai. Ita ce Kwaramba. Ta ba tukunyarka kwananta biyar cif, ta fito ja wur ba ko tsaga. Ka tambayi mahaifiyarka, na san ba ta yar ba. Ka sa ta ɗauko maka, ka dubi ƙafarka, sannan ka sake duba jadawalin.

Ni dai na wasa fartanyata, Rahila ta ɗaure mini bakin kwando da sabuwar igiya. Amsarka kawai nake jira in je in gaya wa tsohuwa ta shirya.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin jama'a, ya raya maka zuriya, ya nuna maka ranar da kai ma za ka ɗauki kwando mata suna yi maka tsiya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu hau lafiya mu sauko lafiya.

Wassalam.

Naka,
Adamu Zira, mai gyaran keke, Mubi,
kakan Kuve.