Shafinku Ya Hana Gonar Baba Iliya Ruwa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya gina wa ƙungiyarmu ta manoman rani shafin neman ruwa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da ma'aikatanka, da fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da na fito da maganar nan fili. Na kira lambar da ke ƙasan shafin har na gaji, na aika saƙo, shiru. Kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya, ko a aji hankalina yana bakin kanal, magudanar ruwanmu.

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a yankin Bunkure, ina kuma noman tumatir. A da, mai buɗe ƙofar ruwa shi ke rubuta sunayenmu a littafi. Yanzu kowace Laraba sai manomi ya shiga shafinku, ya sa lambar katinsa na ƙungiya, sannan sunansa ya fito cikin waɗanda za a sakar wa ruwa ranar Asabar. Ban ƙi ci gaba ba, ni ma abin da nake koyarwa ke nan. Amma ga kukana.

Na ɗaya, nauyi. Tsakani da Allah, wa ya ce muku manomi yana son taswira mai juyawa da bidiyon shinkafa tana kaɗawa? Shinkafar tana gabanmu! Na buɗe shafin a kwamfutata na duba cikinsa, na tarar da laburaren JavaScript jibge, wato kayan aikin da wasu suka riga suka rubuta ake ɗaukowa. Wannan na motsa hoto, wancan na ƙawata rubutu, har da biyu masu aiki iri ɗaya. Duk sai waya ta sauke su kafin maɓalli ɗaya tilo da muke nema ya bayyana. A gona kuwa sabis layi ɗaya ne, shi ma sai ka hau kunyar gona ka ɗaga hannu sama.

Na biyu, shi ne ya hana ni sukuni. Kun ɗauka kowane manomi da babbar wayarsa. A layinmu gonaki goma sha ɗaya ne, wayata kaɗai ke buɗe shafin. Ranar Laraba mutane kan taru a gindin mangwaron bakin kanal, kowa ya miƙo min katinsa. To, akwai wani ɗan rubutu da kuka sa wanda ke riƙe lambar mutumin farko a cikin waya, wai don sauƙi. Idan sabis ya yanke aka sake loda shafin, sai ya tura waccan tsohuwar lambar a ɓoye, ya watsar da wadda aka shigar. Kuma koren rubutun da ke cewa an karɓa yana fitowa ne tun saƙon bai bar waya ba. Haba! Wannan ai yaudara ce, ko da ba da gangan ba.

Abin da ya sami Baba Iliya ke nan, maƙwabcina na gona, dattijon da ya koya min dashe. Tawa na fara sawa, sannan na shigar da lambarsa da hannuna, kore ya fito, na juya masa wayar ya gani, ya sa min albarka ya tafi. Ranar Asabar aka saki ruwa, aka tsallake shi. Mai ƙofa ya duba takarda, sunana sau biyu, nasa babu. Dashensa bai cika kwana goma ba. Na janyo masa abin da zan iya daga nawa, bai isa ko'ina ba, gonarsa ta fi tawa tudu. Kusan rabin tumatirin ya kwanta. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi haka Allah ya so, ya ci gaba da ɗibar ruwa da bokiti. Ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Ga roƙona. Ku cire wannan rubutun mai riƙe lamba, yau ba gobe ba. Na gan shi, bai kai layi ashirin ba. Kada kore ya fito sai an tabbatar saƙo ya isa, kuma ya fito da sunan mai gonar. Ku yi mana shafi mara ado, akwati ɗaya da maɓalli ɗaya. Kafin nan, ku shaida wa shugabannin ƙungiya su dawo da littafi. Sannan ku turo ɗaya daga cikin masu rubuta muku shafin, ya zo nan da ƙaramar waya, ya gwada aikinsa a tsakiyar gona.

Gobe Laraba ce. Abin da ya rage na tumatirin nan ba zai kai wata Asabar ɗin ba in aka sake tsallake shi. Ɗazu da la'asar Baba Iliya ya zo har ƙofar gidana ya ba ni katinsa, don bai da wanda zai ba sai ni. Ga shi nan a aljihuna, kuma ina tsoron danna masa.

Allah ya yi muku jagora, ya sa albarka a sana'arku, ya sa ku karanta wannan kafin gobe.

Wassalam.

Malam Sabi'u,
manomin rani, yankin Bunkure.