Zoɓon da Kika Mayar Giya

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Baba?

Ni dai raina a ɓace yake, kuma ke ce sila. Da na gama rubuta thesis ɗin digirina a nan Ingila, ƙawata Maryam ta Birmingham ta kai ni hutu wani otal na alfarma a ƙauye, tsakiyar gonakin inabi. E, giya suke yi a wurin. Amma abin da ke cikin kofin da na riƙe a hoton nan zoɓo ne. A unguwar Cheetham Hill na sayo shi, na dafa da citta da kanumfari, na tafi da shi a flask. Kofin ne kawai nasu.

Ke kaɗai na tura wa hoton. Ko tambayata ba ki yi ba, sai kika kai wa Baba har ɗaki, kika ce giya nake sha. Yau sati biyu bai ɗaga wayata ba.

Ki koma ɗakin ki warware abin da kika ƙulla. Ki gaida Umma, ta sa ni a addu'a. Ke kam ba sai an yi miki bayani ba. Ke kika koya mini dafa zoɓon nan, kin san launinsa.

Ƙanwarki,
Hadiza