Ƙaurin Ƙaho a Bakin Teku

Zuwa ga Baffa,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan kuna lafiya, ku da su Lailatu. Yaya ƙafar Inna? An fara ruwa a Gwiwa kuwa? Farar saniyar nan ta haihu?

Ni lafiyata ƙalau a nan Jidda. Tarin da kuka ji a waya ƙurar aiki ce kawai.

Kun tambayi aikin. Carbi muke yi da baƙin murjani, wanda ake cirowa can ƙarƙashin teku. Ranar farko na ɗauka busasshen reshen sabara ne, har na cusa guntu a murhun shayi. Maigidana ya yi salati ya fizge. Ashe ba itace ba ne, halitta ce mai rai, kuma sai ta yi shekara da shekaru kafin ta kai kamu ɗaya.

Baffa, ƙaurin da ya tashi irin na ƙaho ne sak. Haka murjanin yake yi kullum in ina huda shi. Sai garkenmu ya faɗo mini a rai, in tashi in zauna, in kasa gama ƙwaya goma.

Na aiko muku da carbi ɗaya ta hannun Alhaji Maikasuwa. Ku duba yadda yake sheƙi. Amma sai an cire murjanin daga gindinsa ya mutu yake yin wannan sheƙin.

In kun ce in dawo kafin shuka, ba zan yi musu ba. Don Allah ku ce.

Ɗanku,
Musaddiƙ