Miyar Pweza Ba Ta Sa Ciwon Kai

Daga: Mashavu Kombo Shaame, mai sayar da abinci, bakin tekun Ras Mkunguni, Pemba.

Zuwa ga: Mai girma Sheha, mai unguwar Ras Mkunguni, Mzee Faki Mcha.

Litinin, 26 ga Agusta, 2024.

Game da: Rufe rumfata bisa zargin cewa miyata ce ke sa masu nutso ciwon kai.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman izinin gabatar da kokena a kan Bwana Vuai Pandu, manajan kamfanin nutso na Kasa Mwekundu, wanda rumfata ke jingine da katangarsa.

1. Tun daga tsakiyar watan Yuli, masu nutso a wannan kamfani, baƙi da yaranmu masu yi musu jagora, suka fara fitowa daga ruwa suna dafe kai. Maimakon bincike, sai Bwana Vuai ya tsaya a gaban jama'a ya nuna tukunyata da leɓe, ya ce, "Kun ga abin da ke kashe mini kasuwa can. Mutum ya cika ciki da barkono da kanumfari, sannan ya shiga ƙarƙashin teku, ina kai zai zauna lafiya?" Ranka ya daɗe, na girmi wannan kamfani a bakin tekun nan. Masunta sun sha miyar pweza, dabbar tekun nan mai hannaye takwas, a wurina tun kafin Bwana Vuai ya iya ɗaura zane, kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi sai na ƙanƙantar kwano.

2. Ina so a rubuta a ajiye cewa shi mai zargin kwano biyu yake sha kullum, da gurasar chapati uku, yana lashe cokali gaba da baya. Ban taɓa ganin ya dafe kai ba. Ciki dai yakan dafe. Da na tuna masa haka, sai ya ce, "Bi Mashavu, ni ai ba na shiga ruwa." Na ce to, ashe a ruwan ya kamata a nemi matsalar. Ya ce in bar wa masu ilimi maganar.

3. A ranar Talata, 6 ga Agusta, kwamitin bakin teku ya zauna bisa buƙatarsa, aka ɗaure ƙofar rumfata da igiyar kwakwa. Ba a kira ni ba, ba a ɗanɗana miyar ba, duk da cewa uku daga cikin 'yan kwamitin sun san ɗanɗanonta fiye da na girkin gidajensu. Ba zan ambaci suna ba saboda mutuncin matansu.

4. Bayan rufewar, ciwon kai bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi. Sai Bwana Vuai ya ce ragowar miyar ce ba ta gama fita daga jinin mutane ba. Ciwon ya kama har wata baƙuwa da ta sauka daga jirgi bayan an rufe ni, wadda ba ta taɓa ganin fuskata ba. Da aka tambaye shi, ya ce mai yiwuwa ƙamshin ne ya kama katanga.

5. A ranar Litinin, 19 ga Agusta, aka fito daga ruwa da Makame, ɗan marigayiya ƙanwata, wanda ni na yaye shi, kuma shi ne babban mai jagora a kamfanin. Yana amai, jiri na ɗibarsa, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Na riƙe kansa a cinyata a bayan mota har asibiti, yana cewa, "Inna, riƙe mini kan nan da kyau, ji nake zai rabe biyu." Ranka ya daɗe, a nan wasa ya ƙare. Ban yi kuka a gaban kwamiti ba, amma a motar nan na yi.

6. Likitar da ta duba shi, Dakta Riziki, ta sa masa iskar asibiti har ya dawo hayyacinsa. Sannan ta zayyana mana abubuwan da kan jawo wa mai nutso ciwon kai: ɗaure gilashin fuska tamau, cije robar baki kamar ana faɗa da ita, riƙe numfashi don tsimin iska, shiga ruwa da mura, ƙin shan ruwa, da gaggawar tasowa daga ƙasa. Na ce, "Dakta, miya fa?" Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Mama, wace miya kuma?" Daga nan ta ce idan mutane da yawa suka kamu a lokaci guda, to a binciki iskar da suke shaƙa. Makame ya ce lallai kwanan nan iskar tukwanen ƙarfen da suke goyawa su yi numfashi a ruwa tana ɗanɗanon bayan babbar mota.

7. Washegari ta zo kamfanin da kanta. Abin da aka gano shi ne, a watan Yuli Bwana Vuai ya sayi sabon babur ja, ya ga bai dace rana ta taɓa shi ba, sai ya fitar da janareto daga ɗakinsa ya sa babur a ciki. Janareton kuwa ya ajiye shi daidai bakin bututun da injin ɗura tukwane ke zuƙar iska. Wato wata guda cur hayaƙi ake ɗura wa bayin Allah su tafi da shi ƙarƙashin teku. Babur dai, alhamdulillahi, bai dusashe ba.

8. Kafin azahar an janye janareto shiru-shiru, ciwon kai ya ɗauke. Amma igiya tana nan a ƙofata, kuma Bwana Vuai bai buɗe baki ya wanke ni ba. Da na tare shi, cewa ya yi, "Haba Bi Mashavu, abin da ya wuce ai ya wuce." A wurinsa ya wuce. Ni kuwa yanzu a kasuwar kifi "Bi Ciwon Kai" ake kirana. Mafi muni, dangin saurayin 'yata Mboja, mutanen kirki daga Wete, sun aiko a asirce suna tambaya ko yarinyar a wurin uwarta ta koyi girki. Za su zo gaisuwa ranar Alhamis, 5 ga Satumba. Mboja ta daina cin abinci, ta ce da ma a ce mata mummuna da a ce ta gaji hannun da ke kwantar da mutane.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon mai girma Sheha:

Na ɗaya, a kwance igiyar nan kafin ranar da na ambata.

Na biyu, Bwana Vuai ya tsaya a daidai inda ya tsaya ya nuna tukunyata, da irin muryar da ya yi amfani da ita a ranar, ba ƙasa da haka ba, ya faɗa wa jama'a abin da ya faru.

Na uku, a sa wanda ya san aiki ya riƙa duba iskar tukwanen nan a kai a kai. Makame ya koma ruwa jiya, kuma ba ni da wani bayan shi daga ɗakin ƙanwata.

A ƙarshe, ina sanar da kai cewa ni ma yau mako uku ke nan kaina na sarawa, alhali ban yi nutso ba, ban ciji roba ba, ba na mura. Na koma wurin Dakta Riziki, ta auna ni sama da ƙasa, ta ce abin da ke damuna ba ya cikin littattafansu, amma ta san shi, yana hawa jan babur. Ta ce maganinsa yana ofishinka.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da adalci.

Taka mai biyayya,

Mashavu Kombo Shaame