Rassa Uku a Cikin Hula

Shekara hamsin da takwas ke nan rabona da ƙauyenmu na gindin duwatsun Niigata a ƙasar Japan, kuma na daina cewa zan koma. Ni ne Inomata Sakuji, mai lambun furanni a bayan garin Atibaia, a ƙasar Barazil. Da hannuna nake rubuta wannan, cikin hankalina, babu wanda ya sa ni. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ya fara yi mini rowa, likita kuma ya daina kallona cikin ido. Mitsuo ɗana, Harumi 'yata, ku zauna wuri ɗaya ku karanta. Na san shekara goma sha tara ba ku haɗa tebur ba. Ku daure na awa guda.

Na ɗaya. Gona da rumfunan furanni uku da motar kaya na Mitsuo ne. Shi ya tsaya a nan yana shan faɗana har ya yi furfura, ba kuwa don ina da daɗin zama ba. Gidan cikin gari da filin bakin rafi na Harumi ne. Na auna su, sun yi kusan daidai. Wanda ya ga an ƙware shi, da ni zai yi, ni kuma ba na nan.

Na biyu. Bayan an ƙona gawata, tokata a sa ta kusa da ta mahaifiyarku, a nan. Kada wani ya ɓata kuɗin jirgi ya kai ni Japan. Waɗanda suka san ni a can duk sun riga ni.

Kafin na uku sai na ba ku labarin da kowannenku ya san rabinsa.

Kakanku da igiya ya ci abinci. Yakan ɗaura ta a ƙugu ya sauka ta fuskar tsauni, ya tono shimpaku, itacen nan mai ganye siriri kamar kitson zare, wanda iska da ƙanƙara ke murɗewa shekara ɗaruruwa har ya zama ɗan ƙarami. Masu kuɗin birni su saya, su dasa a kasko, su kira shi bonsai. A wani tsagin dutse ya samu guda ɗaya da ganyensa ya fi na kowa laushi da cika, kuma sanyi ba ya sa shi ya koɗe. Wannan bai sayar ba. Ranar da zan hau jirgin ruwa ya ba ni ƙananan dashe huɗu da ya kafa daga rassansa, a cikin gora. Kwana arba'in da biyar muna raba ruwan shana da su. Ɗaya ta rayu, ita ce kuka tashi kuna ji muna kira Uwa.

Tare da goran ya ba ni doka: duk abin da almakashi ya yar ƙasa, wuta ce makomarsa. Dalili kuwa, irin wannan itace ba ya gadon kyau ta ƙwaya. Sai an yanki reshe an kafa shi, ko an yi masa aure da wani gindi. Saboda haka ɗan reshe kamar yatsa, in ya faɗa hannun wanda ya iya, bishiya ce sukutum. In kowa yana da ita, kai ba ka da komai. Na riƙe dokar nan fiye da yadda na riƙe addu'a. Duk ranar aski nakan ƙirga rassan da na yanke, in kai su tsohuwar gangar mai da ke bayan rumfa, in tsaya har su zama toka. 'Ya'yan da na kafa daga Uwa kuwa duk a rumfa ɗaya na tara su, da makulli a aljihuna.

Sai direban da ke kai mana furanni kasuwar São Paulo ya auri Harumi. Ban so ba, ban kuma ɓoye ba. Shi ma bai raga mini ba. Sarkin Almakashi yake kirana, yana ce wa ma'aikata wai surukinsa na ƙona ganye kamar mai ɓoye gawa. Wata ranar aski na ƙirga, uku ba su cika ba. Mitsuo ya ce ya ga mijin ƙanwarsa yana sa hula a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A gaban ma'aikata shida na sa ya cire ta. Ga su nan, uku, a naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. Ya yi dariya ya mai da hularsa. "Haba Baba, shara ce fa. Ka taɓa jin an ɗaure mutum a kan shara?" Na ce in ya fita da su ta ƙofar nan, kada ya sake shigowa ta cikinta. Ya fita. Harumi ta ɗauki jakarta ta bi shi can Camanducaia, a kan tsauni. Mahaifiyarku ta riƙa cewa za ta asibiti a Bragança duk ƙarshen wata, ta dawo da cuku irin na mutanen tsauni a ƙasan kwando. Na sani, na kuma ci cukun, ban ce komai ba har ta rasu.

Shekara uku da suka wuce ruɓar saiwa ta shiga rumfar. Rumfa ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwan rijiya ɗaya. Cikin damina biyu Uwa ta tafi, da 'ya'yanta talatin da ɗaya. Harumi, ba ki ga abin da yayanki ya yi ba, don haka bari in gaya miki. Ya tuƙa mota har Curitiba, har Porto Alegre, yana bin duk wanda aka ce yana da shimpaku mai laushin ganye. Wani dillali ya rantse masa da kabarin uwarsa, muka yi shekara muna reno, sabon toho ya fito da ƙaya kamar bushiya. Muka yi oda daga ƙetare, akwatin ya zauna a tashar jiragen ruwa ana jiran takarda har abin ciki ya zama tsintsiya. Na rubuta wa ɗan wana a ƙauye. Ya ce tsaunin ya zama tsirara tun tuni, babu mai sauka da igiya yanzu, itatuwan tsoho kuma an sayar da su bayan mutuwarsa, ba a san hannun wa suka faɗa ba.

A watan Satumba motar haya ta sauke mini kwali daga Camanducaia. Rassa goma sha biyu cikin jiƙaƙƙiyar jarida, da curin cuku, da 'yar takarda: "Baba, shararka ta haihu. Kada ka ƙona, akwai saura da yawa." Na murza ganye ɗaya na shinshina. Ita ce. Sanyin tsaunin can ma ya fi karɓarta, ta fi yadda take a hannuna kyau, kuma wannan ya ƙona mini rai fiye da takardar.

Ban amsa wa surukin nawa ba. Sau huɗu ina ɗaukar alƙalami. Har gobe ina nan a kan cewa ya ɗauki abin da ba a ba shi ba, kuma dariyar nan da ya yi a gaban ma'aikatana ban manta da ita ba. Amma kwanciyar jinya ta ba ni lokacin tunani. Kakanku ya kafa dokarsa ne yana da tsauni a bayan gida. In ya yi asara, sai ya sake ɗaura igiya. Ni na ɗauko dokar na ƙetare teku da ita, na baro tsaunin. Da kowa ya yi mini biyayya irin ta Mitsuo, da yau irin nan ya ƙare a duniya.

Na uku. Almakashin kakanku, mai baƙin ƙarfe da ke cikin akwatin da muke kunna wa kakanni turare, na Valdomiro Teixeira ne. Ga sunansa na rubuta cikakke, tunda shekara goma sha tara "direban nan" nake cewa. Mitsuo, kai za ka kai masa da hannunka, ba aike ba. Zai tsokane ka, na sani. Ka bar shi ya gama, ka sha kofinsa, ka kwana.

Na huɗu. Harumi, ki yafe wa yayanki. Abin da ya gani ya faɗa, kuma ni na koya masa ƙirga. Mitsuo, ka daina cewa ƙanwarka ta zaɓi bare ta bar gida. Ni na rufe ƙofar, ita dai ta kasance a waje ne lokacin da na rufe.

Na biyar. Gangar bayan rumfa a ba mai sayen tsohon ƙarfe. Daga yau duk ranar aski ku tara rassan cikin jiƙaƙƙen buhu. Wanda ya roƙa a ba shi, wanda zai saya a sayar masa. Sharaɗi ɗaya ne: kada su sake taruwa a gida ɗaya suna shan rijiya ɗaya.

Na shida, kuma na gaji. Waɗanda na kafa daga kwalin suna ƙarƙashin inuwar gwaiba. Kada a taɓa su sai sun ga damina biyu. Kada a ba su ruwa don agogo ya ce, a sa yatsa a ƙasa tukuna.

Na sa muku albarka, ku da 'ya'yanku, har da jikokin da ban taɓa ɗauka ba. Ranar cikar kwana arba'in da tara da tafiyata ku ci abinci a tebur ɗaya, ku sake haka duk sabuwar shekara, shekara ɗaya a nan, shekara ɗaya a tsauni. Ban ce sai kun so juna nan take ba. Ku dai je.

Da safiyar yau Mitsuo ya tura ni a keken marasa lafiya na duba su. Cikin goma sha biyun, huɗu sun bushe, ɗaya ɓera ya tone. Bakwai sun yi saiwa. Biyu na Mitsuo, biyu na Harumi, uku a ba maƙwabta uku da ba sa shan ruwanmu. Abin da na iya tsirarwa ke nan: bakwai.

Inomata Sakuji