Kazar da na gasa wa mai jego

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya kusa wata guda yana cina. Zan faɗa yadda na tuna, amma ranar gidan cike yake da mutane, ta yiwu na sa na gaba a baya.

A Fagge muke. Matar yayana, da nake kira Anti, ta yi haihuwar fari, kuma a gidanmu take wankan jego saboda iyayenta suna nesa. Kwana biyu bayan suna Hajiyarmu ta ce a gasa wa mai jego kaza guda ta ci ta ji ƙarfi. So ta yi a hura gawayi yadda aka saba. Ni na ce a bar mini, ina da air fryer da na saya bayan bautar ƙasa, ba hayaƙi ba toka. Hajiya ta ce ita ba ta yarda da tukunyar da iska ke dafa nama ba. Na yi dariya, na ce ai ilimin ƙwayoyin cuta na karanta a jami'a, na fi kowa sanin naman da ya nuna. Maganar nan ita ta fi damuna yanzu.

Na sayo kazar a Sabon Gari, irin ta firiza, kuma ina jin cikinta bai gama sakin ƙanƙara ba na shafe ta da kayan ƙamshi na saka. Air fryer ɗin tawa irin mai agogon murɗawa ce. Na murɗa awa ɗaya, na juya kazar a tsakiya, na koma wajen baƙi. Abin da ban sani ba, ko an ɗauke wuta agogonta yana ci gaba da tafiya har ya buga ƙararrawa. Da rana ne, ba kwan fitila a kunne. Na ji ƙararrawa, na yi la'asar, na zo na tarar bayan kazar ya yi ja gwanin sha'awa. Da na yanka cinya na ga wani ruwa ja-ja kusa da ƙashi. Na gan shi, ba zan yi ƙarya ba. Na ce wa raina launin tattasai ne, don Hajiya tana tsaye a kaina, ba na so ta ce ai ta faɗa. Sai da nake wanke-wanke na ji wata baƙuwa tana cewa fanka ta tsaya tun kafin kiran salla.

A ranar ne kuma maƙwabciyarmu, zan kira ta Iya, Bayarbiya ce da ta fi shekara ashirin muna katanga ɗaya, ta kawo wa Anti farfesun kayan ciki. Washegari Anti ta fara amai da gudawa da zazzaɓi, aka kwantar da ita asibiti kwana shida. Likita ya ce daga abinci ne, bai ce wanne ba. Ta dawo, amma nononta ya ragu sosai, jaririyar kuma ba ta karɓar madarar gwangwani, kullum ƙara ramewa take.

Hajiya ta ɗora abin a kan Iya. Na ce mata ai ni ma na sha farfesun, Yaya ma ya sha, ba abin da ya same mu. Ta ce to wannan ne ma shaidar cewa mai jegon aka nufa. Kazar kuwa ba wanda ya ambace ta, alhali Anti kaɗai ta ci, ban da fiffike ɗaya da Yaya ya ɗauka zai koma kasuwar Kwari. A tsakaninmu da Iya ba a taɓa mayar da kwano wayam ba, ko dabino sai an saka. Wannan karon wayam Hajiya ta mayar. Magana ta zaga layi, matan da ke sayen abinci wajen Iya da yawa sun daina, na ji har ana cewa a kula da hannunta.

Shekaranjiya Iya ta tare ni a bakin famfo ta ce, “Ƴar boko, ke da kika yi karatun likita, faɗa mini tsakani da Allah, barkono yana kwantar da mutum asibiti? Uwarki ta sha wannan farfesun ranar da ta haife ki.” Na ce Allah ne masani, Iya. Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Ba ni da tabbas kazar ce, ba a yi gwaji ba, ta yiwu ma ruwa ne. Amma na san abin da na gani a jikin ƙashin. Idan na faɗa, ban san da wane ido Yaya da Anti za su ƙara kallona ba, musamman idan wani abu ya sami yarinyar. Idan na yi shiru, Iya ke ɗauke da kayana. Wa zan fara faɗa wa, Hajiya ko Iya? Kuma zato kaɗai ya isa in tona kaina?

Idan akwai wadda ta zo barka ranar ta gane gidan, don Allah ta tura wa admin abin da ta tuna, ta gyara mini inda na kuskure. Musamman ƙarfe nawa aka ɗauke wutar.